Ciyaman Kalilu Ba Ya Waiwaye

Ni wanzami ne, sunana Audi, kuma in ana maganar ƙeyar Ciyaman Kalilu to a ba ni wuri, don ba wanda ya kai ni saninta. Shekara talatin da 'yan kai ina aske ta kowace safiyar Juma'a. Akwai tabo a gefen hagu, inda ƙahon saniya ya shafe shi yana yaro, akwai kuma wani ninkin tsoka da in bai sunkuya sosai ba sai aska ta ci shi. Mutanen Kwarin Gawo ma sun san ƙeyar nan, amma su ranar zaɓe suke ganinta. Su nake jin haushi har yau, kuma zan faɗi dalili.

Kwarin Gawo garin manoma ne a ƙasar Sandamu, gero da dawa da wake, sai 'yan shanu da ake kaiwa kasuwa. Ni ba ɗan garin ba ne. Ƙauyenmu yana tsallaken rafi, mazaɓarmu daban, sunana ba ya cikin rajistarsu. Da zabirata nake ƙetarowa in yi aski, in yi ƙaho, in ji abin da ba a ce in ji ba, in koma gida.

Kalilu ɗan manomi ne, bai yi boko mai nisa ba. Siyasa ta same shi yana saurayi, lokacin da 'yan jam'iyya suka zo neman wanda zai ɗaura tuta a keke ya zaga ƙauyuka. Shi ke da keke, kawunsa Mahdi ya saya masa, kuma shi ke da murya. Wannan murya, kai! In ya yi magana a bakin kasuwa sai mu ji a tsallake. Da soja suka karɓi mulki ya naɗe tutar ya koma gona, da suka ce za su mayar ya warware abarsa. A nan ne aka fara zaɓen shugaban jam'iyya na mazaɓa, wato ciyaman, Kalilu ya tsaya, wani mai suna Sha'aban ya tsaya.

A lokacin an zo da zaɓen da ake kira ƙato-bayan-ƙato. Ba akwati, ba dangwale. Ɗan takara ya tsaya a fili, duk mai sonsa ya je ya yi layi a bayansa, a ƙirga a gaban kowa. Dattawan garin ne ke ƙirgawa, su fara daga na bayan ɗan takara suna dafa kafaɗa har ƙarshen layi. Shi ɗan takarar ba sa lissafa shi, wai ai ba a tambayar mutum ko yana son kansa. Ko bayan da aka daina wannan zaɓe a sauran wurare, mutanen Kwarin Gawo ba su daina ba, in dai na ciyaman ne to sai an yi layi a filin firamare.

A zaɓen farkon nan Kalilu ya yi abin da kowa zai yi, ya waiwaya ya duba layinsa, ya duba na Sha'aban. Sai ga Kawu Mahdi a layin Sha'aban, ya dogara sanda, ya sunkuyar da kai. Kalilu ya ci zaɓe, amma abin ya tsaya masa a wuya. Ya daina gaishe da kawun, in ya hango shi sai ya sake hanya. Damina ba ta fita ba tsohon ya rasu, ba su shirya ba. Sai a zaman makoki ya tsaya ya yi tunanin abin da kowa ya sani tun da farko, cewa 'yar Kawu Mahdi tana aure a gidan su Sha'aban, tsohon zaman 'yarsa yake karewa. Shi da bakinsa ya ba ni labarin, ina tsakiyar aski, ya ce, "Sarkin Aska, idona ne ya cuce ni." Haka yake kirana don tsokana, ni ko ba wanda ya taɓa naɗa ni komai.

Tun daga nan bai sake waiwaye ba. Ranar zaɓe zai zo da hantsi, ya tsaya ya fuskanci gabas, katangar aji a gabansa, rana a fuskarsa, ya harɗe hannu a baya. A yi layi, a ƙirga, a faɗi adadi, shi yana nan kamar an kafa turke. Sai an ce a watse, ƙafafu sun gauraya, sannan ya juyo ya shiga miƙa wa kowa hannu. In wani ɗan kanzagi ya biyo shi gida da, "Ciyaman, ka san wane kuwa a layin wa ya tsaya?" sai ya daka masa tsawa: "Na aike ka? Tashi ka ba ni wuri!"

Da wannan ya riƙe garin. Jam'iyya ta sake suna, ta sake tuta, ta haɗe da wata, ta rabu da wata, Kalilu yana nan a ciyaman. In takin gwamnati ya zo, a bainar jama'a yake raba shi, wanda ya tsaya a bayansa da wanda bai tsaya ba duk ɗaya, tunda bai san wane ne wane ba. Da shanun Fulani suka shiga gonakin bakin burtali har aka fara zare sanduna, shi ya kwana uku yana kai gwauro yana kai mari tsakanin ruga da gari har aka sasanta. Famfon burtsatse na bakin masallaci, sai da ya zame wa mutanen sakatariya ƙarfen ƙafa sannan suka haƙa. Ba suna, ba ɗaurin aure, ba jana'iza da za a yi a mazaɓar nan ba a gan shi ba, da keke a da, daga baya da wani tsohon babur mai tari. Kuma da magariba ƙofar gidansa ce wurin ciyayya, kowane magidanci ya fito da kwanonsa a haɗa a ci tare. Har Sha'aban, wanda ya kayar ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, a tabarmarsa yake cin tuwo, suna ci suna musu.

Kada wani ya ɗauka waliyyi nake ba da labari. Kalilu yana da taurin kai kamar jakin da ya ga ruwa. In ya karɓi lasifika a taro sai an yi sallah an dawo bai gama ba. Ya yi alkawarin titi daga Kwarin Gawo zuwa bakin kwalta tun ina da baƙin gemu, har yau a cikin yashi muke tura babur. Gonarsa kullum ita ce ta ƙarshe a noma. Matarsa Ummukulsum, Allah ya jiƙanta, ta sha cewa ita da baƙi take ganin mijinta, in sun tafi shi ma ya tafi. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Haulatu, ta yi aure a Katsina. Kuma mafi muni, bai taɓa tunanin akwai ranar da zai sauka ba. Yara suka taso, suka yi karatu, suka yi gemu, suka haifi nasu yaran, shi yana nan a kujera yana ce musu su yi haƙuri lokacinsu na zuwa.

Bayan rasuwar Ummukulsum na ga ya fara sanyi. Wata Juma'a ina shafa masa sabulu na ce, "Ciyaman, ka sauka haka nan. Gashin nan da nake askewa babu baƙi ko ɗaya."

Ya ce, "Kai ma ka aje askar mana, Sarkin Aska. Hannunka rawa yake."

"Hannuna bai taɓa rawa ba."

"To ni ma ƙafata ba ta rawa. In na sauka in zauna da wa? Gidan nan in na shiga, ni da kaji ne."

Na ci gaba da aski, don gaskiya ya faɗa.

Wanda ya fito nema a wannan karon Abbas ne, ɗan ƙanen Sha'aban, dillalin shanu, yaro mai ladabi, ba ni da abin da zan ce a kansa. Manyan jam'iyya na sama shi suke so. Suka aiko a yi maslaha, wato Kalilu ya janye a ba shi wani suna na girmamawa, uban jam'iyya ko me. Kalilu ya ce shi ba a layi aka ba shi kujerar ba? To a layi za a karɓa. Sai magana ta fara yawo a gari cewa manya za su turo masu ɗaukar hoto da waya, kuma duk wanda aka gani a layin da ba na Abbas ba, kada ya sa rai da taki, kada ɗansa ya sa rai da aiki. Ko gaskiya ne ko ƙarya, oho. Ta dai shiga kunnen mutane.

Ranar zaɓen na ƙetaro don kallo, na samu gindin darbejiya a gefen filin na zauna. Ba dattawa za su ƙirga ba a wannan karon, wani jami'i aka ce zai zo daga ofishin jam'iyya. Aka taru tun hantsi, shiru. Aka yi azahar, shiru. Sai bayan la'asar ga motarsa, wani matashi da takardu a hammata, yana ta ba da haƙuri wai taya ce ta fashe. Ya ce 'yan takara su fito.

Kalilu ya fito da babbar rigarsa fara, wadda yake sawa ranar Idi. Ya je inda ya saba, ya fuskanci katangar aji, ya harɗe hannu a baya. Abbas ya tsaya a damansa, da ɗan rata. Aka ce jama'a su yi layi.

Wallahi da idona na gani. Mutane suka taso duuu, maza da mata, suka nufi bayan Abbas. Ina jira in ga an rabu biyu kamar kullum, ba a rabu ba. Wanda Kalilu ya raɗa wa ɗansa suna ya wuce. Wanda ya fitar daga hannun 'yan sanda ya wuce. Maƙwabcinsa na katanga ɗaya ya wuce, yana kallon ƙasa. Sha'aban ya ja ƙafa yana tari ya tsaya a bayan ɗan ƙanensa, shi kam ba a ga laifinsa ba. Layin Abbas ya miƙe har ya lanƙwasa ta bayan rijiya. Bayan Kalilu kuwa fili ne fetal, ko akuya babu.

Sai da aka gama tsayawa sannan suka lura. Na ga kawuna suna juyawa, wannan ya kalli wancan, wancan ya kalli wannan. Ga masu waya sun ɗaga suna ɗauka, wa zai fita daga layi ya ratsa fili shi kaɗai? Ba wanda ya motsa. Ni da ba ni da ƙuri'a a wurin na miƙe, na sake zama, na rasa inda zan sa kaina. Daga inda nake ina hango ƙeyarsa, askin jiya-jiya, gumi yana gangarowa cikin wuyan rigar.

Daga baya, ɗaya bayan ɗaya, sun zo kan tabarmata sun faɗa mini abin da ya faru, ban tambaye su ba. Kowa maganarsa iri ɗaya: "Wallahi Audi, na ɗauka layin Ciyaman ba zai rasa mutane ba. Na ce ni ɗaya ba zan rage komai ba, kuma ai ba ya waiwaye, ba zai san ba na nan ba." Ka ji fa! Abin da ya yi don ya rufa musu asiri, shi suka samu suka fake a bayansa, dukansu a rana ɗaya. Ba taro suka yi ba, ba shawara suka yi ba. Kowa shi kaɗai ya yi dabararsa, ashe dabarar gari ce gaba ɗaya.

Jami'in ya bi layin Abbas ya ƙirga ya faɗi adadi. Ya dawo wajen Kalilu, ya tsaya a gefensa, ya duba. Shi baƙo ne, bai san yadda dattawa ke yi ba, a wurinsa ɗan takara ma ɗan jam'iyya ne, ƙuri'arsa ɗaya. Ya ɗaga murya ya ce, "Malam Kalilu, ɗaya."

Kalilu bai juyo ba. Ya ce da muryar nan tasa, yadda har na bayan rijiya suka ji, "Alhamdu lillahi. Wanda ya tsaya, Allah ya tsaya masa."

Ba wanda ya ce amin da ƙarfi. Aka ce a watse, aka watse da sauri kamar an ga hadari. Ya jira kamar yadda ya saba, sannan ya juyo, ya je ya kama hannun Abbas ya yi masa addu'a, ya hau baburinsa ya tafi.

Juma'ar da ta biyo na je gidansa. Na same shi a zaure, ya riga ya cire hula. Na jiƙa kai, na wasa aska, na fara. Sai ya ce, "Sarkin Aska, ashe ina da mutum ɗaya a garin nan."

Askar ta tsaya a hannuna. Na ce, "Haka ne, Ciyaman."

"Kada ka faɗa mini ko wane ne."

"Ba zan faɗa ba."

Haka garin ya samu mafita. Labari ya zaga cewa Ciyaman ya ɗauka mutum ɗaya ya tsaya a bayansa, kuma bai san ko wane ne ba. Kowa ya yi ajiyar zuciya. Ba wanda ya ce a ɓoye masa, amma har yara sun san ba a tayar da maganar. Shi kuwa duk wanda ya gaishe shi a hanya sai ya riƙe hannunsa ya daɗe, ya dube shi da fara'a, kamar yana cewa ko kai ne. Wani marar kunya har ya taɓa zuwa yana murmushi yana cewa, "Ciyaman, ai ka san dai mu ba ma barin gida." Kalilu ya ce, "Na aike ka?" Ni da ina wurin saura kaɗan in jefe shi da ƙoƙon sabulu.

Gaisuwa kam ba a daina ba. Zama ne aka daina. Tutar jam'iyya ta koma ƙofar shagon Abbas, bencinan ƙofar Ciyaman suka bi ta, masu kwano suka bi bencinan. Ba don ƙiyayya ba, na yarda, mutum ne ba ya son cin tuwo da wanda ba ya iya haɗa ido da shi. Zauren da a da sai ka tsallake takalma kafin ka shiga, ya koma takalmi ƙafa biyu. Wayarsa da ba ta hutawa ta yi shiru, har yakan ciro ta daga aljihu ya duba ko ta mutu ne. Kullum da hantsi sai ya kai ta wurin mai caji, alhali ba ta sauka ba, don kawai ya samu inda zai zauna ya ji hayaniyar mutane. Bai fasa zuwa ta'aziyya da suna ba. A da shi ake ba wa magana, yanzu sai ya samu bakin tabarma ya zauna, a yi addu'a, ya shafa, ya nemi takalminsa.

Abbas ya yi ƙoƙari, in ba shi haƙƙinsa. Yakan aiko da buhun hatsi da Sallah, yakan tsaya ya rusuna in sun haɗu. Amma shawara bai taɓa zuwa nema ba, kuma ita Kalilu yake jira.

Mutum ɗaya ne bai ɗauke kwanonsa ba, Sha'aban. Da magariba zai jawo ƙafa, yana tari, ya dire kwano ya ce, "Matsa, tsohon ciyaman." Kalilu ya ce, "Gara ni na taɓa yi." Su ci, su yi musu a kan zaɓen da aka yi tun kafin a haifi Abbas, wa ya yi wa wa maguɗi, su wanke hannu, kowa ya shige. Shekarar da ta zagayo tarin nan ya tafi da Sha'aban. Kalilu ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Daga ranar, in maƙwabciyar da Haulatu ta roƙa ta riƙa dafa masa abinci ta aiko, sai ya shimfiɗa tabarmar nan babba a ƙofar gida kamar kullum, ya zauna a tsakiya ya ci shi kaɗai. Na ce masa ya riƙa ci a ciki mana. Ya ce a'a, kada mutuminsa ya zo ya tarar an naɗe tabarma.

Abin nan yana cina. Sau da yawa ina tsaye a kansa da aska, maganar ta zo mini har baki, in ce Ciyaman daina jira, in haɗiye. In na faɗa na ƙwace masa ɗan abin da ya rage. In ban faɗa ba ina kallon dattijo yana shimfiɗa wa iska tabarma. Na koma gida ina masifa, iyalina su rasa me suka yi mini.

Bara da kaka ciwo ya kwantar da shi. Aka kai shi asibiti a Daura, aka dawo da shi, Haulatu ta zo daga Katsina tana jinya. Juma'ar ƙarshe da na je ba ya iya fitowa zaure. Ta yi mini iso har tsakar gida, ta jingina shi da bango a kan katifa, ta ce, "Baba Audi, a yi a hankali, jikin ba ƙarfi." Ta koma madafa.

Ya rame, ninkin nan na ƙeya ya baje, sai fata. Na jiƙa, na fara. Muryar da ake ji a tsallaken rafi sai da na sunkuya nake jinta.

Ya ce, "Sarkin Aska, kana gindin darbejiya ranar nan."

"Ina nan."

"Ka ga komai."

"Na gani."

"To yau na aike ka. Wane ne?"

Na daɗe ina goge askar a tafin hannu. Na duba mutanen garin ɗaya bayan ɗaya a zuciyata, ban ga wanda ya cancanci in ba shi wannan kyauta ba. Sai na tuna wanda ba zai tashi ya ƙaryata ni ba. Na ce, "Sha'aban ne. Ya bar layin ɗan ƙanensa ya zo ya tsaya a bayanka."

Sai na ji kafaɗunsa suna motsi. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya yake, har ta sa shi tari. Ya ce, "Kai Audi, Allah ya shirye ka. Ka rasa wanda za ka yi wa ƙarya sai mamaci? Sha'aban ta dama na ji tarinsa."

Na ce, "To ai..."

"Bari. Shekara nawa ina tsayuwa a wurin nan da hantsi, rana a fuskata? Ranar nan yaron ya zo a makare, rana ta koma bayana. Tun da na tsaya take dukan ƙeyata, ina jira wani ya zo ya tare mini ita, ba wanda ya tare. Na duba ƙasa, ga inuwata ta miƙe har jikin katanga, kai ɗaya. Ga tasu can a dama kamar shinge. Ban waiwaya ba, amma na gani."

Na zauna a ƙasa, askar a hannuna, rabin kansa da sabulu. Na ce, "Ciyaman, ka sani duk shekarun nan? To addu'ar da ka yi fa? Tabarmar fa?"

"In na nuna na sani, wa zai iya gaishe ni? Wa zai ga na shigo gidansa ta'aziyya bai ji kamar ƙasa ta tsage ya shige ba? Sai su guje ni gaba ɗaya, ni kuma ba ni da wani garin. Da yaron ya ce ɗaya, sai na ce to ga abin da zan ba su su riƙe." Ya numfasa. "Tabarmar kuwa, na ce ko wani zai zo ya ce Ciyaman, ban tsaya ba, ka yafe mini. Da na yafe, mu ci tuwo. Ba wanda ya zo."

"Me ya sa ka faɗa mini yanzu?"

"Na gaji da riƙe shi ni kaɗai. Ƙarasa askin, sabulun yana bushewa. Kuma kada ka faɗa musu matuƙar ina da rai."

Na ƙarasa. A ranar kam hannuna ya yi rawa, ya ji, bai tsokane ni ba.

Ranar Talata da azahar ya cika. Kafin a gama wanka gari ya cika, daga Sandamu, daga Daura, daga rugage, har mutanenmu na tsallake. Ƙofar gidan ta yi kaɗan, liman ya ce a kai shi filin firamare. Aka ɗauko shi bayan la'asar, aka shimfiɗe shi a gaba, kusa da katangar ajin nan, aka ce a daidaita sahu.

Suka taso duuu, su ɗin dai. Maƙwabcinsa na katanga ɗaya, da wanda ya fitar daga hannun 'yan sanda, da marar kunyar nan mai cewa ba sa barin gida, da Abbas yana share ido da hannun riga. Sahu bayan sahu har bayan rijiya. Raina ya ɓaci, na ji kamar in juya in ce musu yanzu kuka ga dama? Amma ba wurin magana ba ne, kuma a wannan layin ba a tambayi kowa mazaɓarsa ba, don haka na kutsa na shiga sahun farko, daidai kansa.

Liman ya yi kabbara. Na sunkuyar da ido, sai na ga rana ta koma bayanmu, inuwarmu ta miƙe gaba ta rufe likkafanin tun daga kai har ƙafa, ko ɗigon rana babu a jikinsa. Ban san yadda na ƙarasa sallar ba.

Ya ce kada in faɗa matuƙar yana da rai, ban faɗa ba. Yanzu kuwa duk wanda ya zauna a tabarmata daga Kwarin Gawo sai ya ji, aska tana kansa, ba inda zai gudu. Wasu su yi kuka, wasu su ce Allah ya jiƙansa, wasu ba su sake dawowa aski wurina ba, su ta shafa.

Juma'ar da ta biyo bayan jana'izar na tashi da sassafe, na wasa aska, na rataya zabira. Sai da na kai bakin rafi na tuna, na juya na koma gida.